Rubutun Hannun Hagu

Shekara uku cur Iyatu tana yi wa ƙawarta Rifkatu ƙarya, kuma ba wayon Iyatu ne ya sa ƙaryar ta yi tsawon rai ba, don ba ta da wani wayo na a zo a gani. Rifkatu Kirista ce, Iyatu kuwa a Makka take zaune. Iyakar Rifkatu shingen Shumaisi, inda allo yake nuna wa wanda ba Musulmi ba hanyar da zai ratse. Saboda haka ba ta taɓa taka gidan Iyatu a unguwar Utaibiyya ba, balle ta zaunar da 'yarta Ilham ta ce buɗe littafi mu gani.

Benci ɗaya suka zauna a firamare a Malumfashi, kuma Iyatu ce mai ɗaukar na ɗaya, Rifkatu na biye da ita tana haki. Sai ciwon uwa ya zaunar da Iyatu a gida tana aji biyu na sakandare. Rifkatu ta wuce har ta zama nas, aiki ya kawo ta wani asibiti a Jidda. Ita kuma Iyatu aure ya kawo ta Makka wurin Sada, mai aikin wutar lantarki a manyan gine-ginen da ke tashi kewaye da Harami.

Sada mutum ne mai damuwa guda ɗaya, kuma kullum sai ya maimaita ta kamar sabuwa. Ilham tana zuwa makarantar haddar Alƙur'ani da safe, Larabci a bakinta kamar ruwa, Hausa da ƙyar, boko kuwa ko alif.

"Ƙasar nan ba tamu ba ce," in ji shi. "Ranar da kafil, mai ɗaukar nauyin zamana a nan, ya ce ya gaji da ni, gida za mu koma. In kai yarinya Katsina ba ta iya karanta ko allon asibiti ba?"

Rifkatu ce ta kawo mafita. Ita da waɗansu iyalai Kiristoci a Jidda a gida suke koyar da 'ya'yansu, suna da littattafai aji-aji. Duk wata za ta ba Tijjani, mai tasi tsakanin Jidda da Makka, ambulan ɗin darussa. Iyatu ta koya wa Ilham da la'asar, yarinya ta cika takardun, Tijjani ya mayar, Rifkatu ta duba da jan biro.

Wata biyu aka yi ana abin kirki. Sai azumi ya kama, masu Umara suka cika unguwar Misfala kusa da Harami, kuma Iyatu waina take yi da miyar taushe tana kai wa masaukan 'yan Najeriya. Hannu biyu ba sa isa. Ilham ce mai jera kuloli, ita ce mai magana da masu gadin masauki, don Larabcin Iyatu har yau na cefane ne. Ran nan Tijjani ya tsaya a bakin lungu yana danna hon, takardu kuwa fari fat. Iyatu ta goge hannu a zani, ta kama fensir da hagu don rubutun ya yi kama da na yaro, ta cika shafi huɗu a tsaye. Ta ce wa kanta wannan karon kawai.

Da a nan abin ya tsaya, da sai a ce uzuri ne. Amma da ambulan ya dawo ta ga jan tauraro a saman shafi, da rubutun Rifkatu na yabo a gefe, wani abu ya motsa a ƙirjinta da ta manta yana nan. Rabonta da a ce mata ta yi daidai tun tana 'yar shekara goma sha huɗu. Wata na biye ba a ma yi azumi ba, ita ta cika. Daga nan ta zama tana jiran Tijjani kamar yadda ake jiran baƙon kirki. Tana suya tana karanta darasi da ƙarfi, littafin jingine da gwangwanin mai, Ilham na gefe tana wanke kuloli. Har kuskure ɗaya ko biyu takan saka da gangan, don kada abin ya yi yawa. In Rifkatu ta kira ta ce a ba ta ɗalibarta, sai Iyatu ta ce ai yarinyar kunya gare ta, gaisuwa kawai za ta iya.

To, a shekarar da Ilham ta cika goma sha ɗaya, wayar da Iyatu ba ta taɓa tsammani ba ta shigo daga Rifkatu, kuma Sada na zaune, wayar a buɗe kowa na ji. Ta ce iyalan nan masu koyarwa a gida suna taronsu na shekara ranar Asabar ta sama, a wani ɗakin taro cikin gidajen ma'aikata a Jidda. Iyaye za su yi shawara, kowane yaro zai tashi ya karanta labari ɗaya daga littafinsa, kuma Ilham ce ta fi duk 'yan aji uku, za a ba ta takardar shaida.

Iyatu ta gwada duk ƙofar da ta gani. Ta ce taron Kiristoci ne fa, mi mutanen unguwa za su ce?

"Addu'arsu za su yi, mu mu yi shiru," in ji Sada. "Karatu ya kai mu. Maƙwabta kuwa a ce masu bakin teku za mu, ai Jidda ce."

Iyatu ta zaunar da Ilham kwana biyu tana neman cusa mata shekara uku a mako biyu. Yarinya ta manta har baƙaƙen da ta koya da fari. Iyatu ta daka mata tsawa, Ilham ta yi kuka, sai kunya ta kama Iyatu, don ta san wanda ya kamata a daka wa tsawar. Ta yanke shawara za ta faɗa wa Sada gaskiya. Kullum ya dawo a gajiye da ƙura har gira, sai ta ce gobe. Da haka Asabar ta iso.

Sada ya aro motar Tijjani, ya wanke ta da kansa tun da sassafe, ya sa farar jallabiyar da yake ajiyewa don Idi. Iyatu ta shiga baya da Ilham da ƙaramarsu Manal mai shekara biyu, kular waina a tsakanin ƙafafunta, tsarabar Rifkatu. Ilham ta ɗora littafin aji uku a cinya a rufe.

Iyatu ta ce wa zuciyarta da sun fita daga cunkoson Utaibiyya za ta yi magana. Suka fita, ba ta yi ba. Ta ce da sun hau babban titi. Suka hau, Sada na ta ba da labari, bakinsa har kunne.

"Kin san abin da ke ci mani rai a wurin aiki? Akwatin wuta ya zo da takarda, ni na san aikin, hannuna ya san shi, amma sai na tsaya wani ɗan Filifin ya karanta mani kamar ni ne yaronsa. Shekara goma sha takwas! To yanzu sai in kawo takardar gida. Ilham, ko ba haka ba?"

"Aiwa, Abuya," Ilham ta amsa wa uban da Larabci, idonta a kan taga.

Duwatsun Makka baƙaƙe suka fara ja da baya. Suka wuce ƙarƙashin babbar ƙofar nan da aka gina kamar Alƙur'ani buɗe a kan abin ɗora shi. Daga ɗaya hannun titin Iyatu ta hango shingen Shumaisi, motoci a jere, da hanyar da ke ratsewa. Nan ne Rifkatu za ta juya da ta taɓa cewa bari in je in gani da idona. Iyatu ta ji kamar ita ta kafa shingen don amfanin kanta. Ta daure ta kira mijinta.

"Abu Ilham, akwai maganar da nake son..."

"Tsaya tukuna mu ji 'yata. Ilham, yalla, gwada mana abin da za ki karanta, in ji da kunnena kafin baƙi su ji."

Iyatu ta runtse ido. Ta ce shi ke nan, Allah ya hutar da ita, asirin zai tonu da kansa.

Sai ta ji Turanci na fita daga bakin Ilham. Labarin nan ne na yarinyar da rafi ya tafi da takalminta, wanda Iyatu ta fi so, wanda ta karanta a gaban tanda ba ta san sau nawa ba. Tun daga farko yarinyar ta ɗauko shi, ba gargada, littafin na nan a rufe a cinyarta. Har wurin da Iyatu kan yi tuntuɓe a wata doguwar kalma ta koma ta maimaita, ita ma Ilham ta yi tuntuɓen ta maimaita. Kunnen da ya haddace izu ashirin, labarin takalmi ba zai gagare shi ba. Kalma ɗaya ba ta san ma'anarta ba, amma ba ta bar ko ɗaya ba.

Sada ya buga sitiyari. "Ma sha Allah! Ma sha Allah! Iyatu, Allah ya biya ki. Wallahi kin gama mani komi."

Ilham ta matso ta sa baki a kunnen uwarta. "Kar ki ji tsoro, Ummi. Na haddace. Halas, an gama."

"Wace magana ce kike son yi?" in ji Sada ta madubi.

Nan ne ya kamata Iyatu ta faɗa, kuma ta san nan ne. Ta dubi ƙeyar mijinta, ta dubi farar jallabiyar.

"Cewa zan yi ka rage gudu, Manal na barci."

Laifin farko tana iya ɗora wa azumi da yawan aiki. Wannan kuwa ba ta da wanda za ta ɗora wa. Yarinyar da ta cuta ce ta tashi tana rufa mata asiri, ita kuma ta gyara zama ta bari a rufa. Daga nan har cikin Jidda jijjiga Manal kawai take yi, alhali yarinyar ko motsi ba ta yi ba.

Rifkatu na jiransu a bakin ƙofar gidajen, ta yi ƙiba, ta sa tabarau, amma dariyar tana nan yadda take a Malumfashi. Ta rungume Iyatu har abayarta ta karkace.

"Ƙawata! Ga ki kusa kamar nesa. Sannu Malam Sada, kun sha hanya. Ina ɗalibar tawa?"

Ta duƙa gaban Ilham ta yi mata magana da Turanci. Ilham ta yi murmushi ta sunkuyar da kai.

"Kunya," in ji Iyatu. Ta ji kalmar ta fito da kanta, don bakinta ya riga ya saba.

Ɗakin taron ba babba ba ne, an saki labule duka. Iyalai kamar ashirin, 'yan Filifin, Indiyawa, 'yan Kenya, da 'yan Najeriya uku ko huɗu, ga tebura a gefe cike da littattafai. Aka buɗe da addu'a ƙasa-ƙasa, Sada ya tsura wa takalminsa ido har suka ce amin. Wani dattijo Ba'indiye ya tashi ya yi bayani a kan haƙuri. Ya ce yaro amana ne, kuma wanda ya ce zai koyar da ɗansa da kansa ya ɗauki aikin da ba mai duba shi sai Allah. Rifkatu na fassara wa Sada, shi yana gyaɗa kai. Iyatu ba ta bukaci fassara ba. Ta ji kowace kalma sarai, da Turancin da ta kwashe daga rabon 'yarta.

Aka fara kiran yara. Kowanne zai zauna a kujera a gaba, Rifkatu a gefensa, ta miƙa masa littafi daga kan tebur. Wani ɗan Kenya ya yi ta in-ina uwarsa na taya shi daga nesa, aka yi dariya, aka tafa masa. Iyatu ta yi kishin matar nan har cikin ranta.

Da aka kira Ilham Sada ya miƙe tsaye da wayarsa yana ɗauka. Yarinya ta zauna, ta gyara mayafi, ta karɓi littafin da hannu biyu. Sai ta buɗe shi yadda ta saba buɗe littafi duk rayuwarta, daga dama. Bangon baya ta ɗaga. Ta juya shafi biyu, ta tsaya a inda masu buga littafin suka jera hotunan sauran littattafansu, ta ɗora yatsa a ƙarshen layi, ta fara. Muryar ta fito tas, jikinta na ɗan rangaji gaba da baya irin na masu hadda, yatsan na tafiya daga dama zuwa hagu.

Na nesa ba su ga komai ba. Rifkatu kuwa kafaɗarta na gogar ta yarinyar. Iyatu ta ga murmushin ƙawarta ya tsaya cak, ta ga idonta ya sauka a kan shafin, ya bi yatsan, sannan ya ɗago ya ratsa ɗakin ya same ta. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da Iyatu ta gode mata. Sai Rifkatu ta mayar da ido kan littafin. Ta ɗan gyara zama ta kare yarinyar daga na gefe, ta sa hannu ta ɗaga littafin sama kaɗan yadda ba mai ganin cikinsa. Haka ta riƙe har labarin ya ƙare.

Ɗaki ya ɗauki tafi. Sada na share ido da bayan hannu. Rifkatu ta miƙa wa Ilham takardar shaida mai zanen zinariya a gefe, ta shafa kanta.

Da aka tashi cin abinci ta kama hannun Iyatu ta ja ta kicin, wai su juye waina. Ta tura ƙofa.

"Tun yaushe?"

"Tun azumin farko."

"Duka?"

"Duka. Da hagu nake yi."

Rifkatu ta cire tabarau ta ajiye a kan kula. "Shekara uku, Iyatu. In dawo daga aiki ƙafata a kumbure in zauna in duba takardun nan. In nuna wa nawa yaran in ce ku dubi 'yar Makka, ku ji kunya. Ashe da ke nake gasa har yanzu."

"Ki yafe mani."

"Ni mi kika yi mani? Jan biro kawai na ɓata. Ita fa? Kin ga yadda yatsanta ke bin littafin nan daga dama? Yarinya ta hau gaban mutane tana kare uwarta!"

Iyatu ta fashe da kuka, irin wanda ba ya fita da sauti. Ta so ta ce aiki ne ya yi yawa, amma ta gaji da ƙarya. "Daɗi nake ji," ta ce. "In na ga kin sa mani tauraro. Wallahi daɗi nake ji, Rifkatu."

Rifkatu ta daɗe tana kallonta. Fushin bai tafi ba, amma muryarta ta sauka.

"Da kin buɗe baki kin ce kina so, da na aiko maki naki. Mi zai hana? Ke ce fa mai na ɗaya." Ta mayar da tabarau. "Takardar nan ba zan karɓe ba, ba zan kunyata yarinya ba. Watan gobe littafin aji ɗaya zan ba Tijjani, kuma duk Asabar ita za ta karanta mani a waya, shafin da na zaɓa. Amma Sada ke za ki faɗa mashi. Ba ni ba, ba Ilham ba."

Iyatu ta gyaɗa kai. Suka juye waina a tire, suka fito, mutane suka yi ta yabon miyar.

Bayan azahar suka yi sallama. Sada ya tafi ɗauko mota inda ya ajiye ta a inuwa, ya bar su a bakin ƙofa, Manal a kafaɗar Iyatu. Zafin Jidda mai ɗanko ya lulluɓe su. Ilham na riƙe da takardar da hannu biyu don kada ta lanƙwashe. An rubuta ta da irin rubutun nan mai lauje-lauje na ado.

"Ummi, na yi kyau?"

"Kin yi kyau, uwata."

"Ban yi kuskure ba ko ɗaya."

"Ko ɗaya."

Yarinyar ta leƙa titi ta ga motar ba ta taho ba tukuna. Ta matso, ta rage murya.

"Abuya ya ce in mun koma zan nuna wa su Hala Asiya maƙwabciyarmu da duk 'yan gidanmu. Nuna mini inda sunana yake, don kada su tambaya in nuna wani wuri."

Iyatu ta kama ɗan yatsan 'yarta ta ɗora shi a kan sunan. Ilham ta ƙirga layukan daga sama a hankali, leɓenta na motsi.

"Na huɗu," ta ce. "Ɗayyib, shi ke nan. Ba zan manta ba."